Injin Wutar Kyauta na Mijin Ƙanwata

Sana'ata gyaran fanka ce da injin jawo ruwa. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina shago ɗaya, ina warware wayar da ta ƙone ina naɗa sabuwa, kuma ban taɓa ganin injin da ya juya ba tare da an ba shi abin da zai ci ba. Wannan na gaya wa mijin ƙanwata tun ranar da ya fara zuwa mini da maganar. Ya yi mini kallon tausayi, irin wanda ake yi wa mutumin da bai yi nisa a makaranta ba, ya ce, "Yaya, matsalarku ke nan ku masu aikin hannu. Inda ubangidanku ya tsaya, nan kuka tsaya."

Shi kuwa akawu ne a wani kamfanin sufuri. Aikinsa buga wasiƙu da danna hatimi a takardun direbobi. Mutum ne da ko ƙwan fitila ya mutu a gidansa, ƙanwata ce ke hawa kujera ta canza, shi yana ƙasa yana riƙe mata kujerar yana ba da shawara.

Daga waya abin ya samo asali. Ya ga wani bidiyo: hannaye biyu babu fuska, faifai guda an jera masa maganaɗisu, aka tura shi sau ɗaya ya yi ta juyawa, ƙwan fitila ya kama. Babu batir, babu mai, babu wutar kamfani. Sau huɗu ya nuna mini, yana tsaye a bakin shago ya tare mini haske.

Na ce, "Me ya sa ba ya nuna ƙarƙashin teburin?"

"Saboda babu komai a wurin."

"Ka leƙa?"

"Yaya, mutum miliyan uku suka kalli bidiyon nan."

"To, mutum miliyan uku ba su leƙa ba."

Na ɗauko maganaɗisu biyu daga cikin tarkacena na nuna masa. Na ce ya duba, ƙarfin da yake ba ka lokacin da yake janyo ka, shi yake ƙwacewa lokacin da za ka rabu da shi. Ba ya yi wa kowa kyauta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko zan ba shi maganaɗisun tunda ba na amfani da su.

Cikin wata biyu ya yashe gidansa. Ya farke rediyo ya cire maganaɗisun cikin sifika. Ya ɓalle na jikin robar ƙofar firij, har sai da Auta, ƙanwata ke nan, ta koma tokare firij da kujera. Ya bi masu gyaran kwamfuta da masu gwangwan yana roƙo. Falonsu ɗan ƙarami ne a bene na biyu, kujeru uku da teburin cin abinci. Teburin ya zama nasa. Suka koma cin abinci a kan cinya. In ka ajiye mukulli a falon nan, sai ka neme shi a jikin injin. Alluran ɗinkin Auta duk suka manne da juna, agogon hannunta ya tsaya. Shi kansa farcen babban yatsansa ya yi baƙi ya faɗi, don wasu manya biyu sun haɗu da yatsan a tsakiya. Yana nuna wa mutane yatsan kamar sojan da ya dawo daga yaƙi.

Mai askin layinsu ne ya laƙaba masa Injiniya. Ba'a ce, kowa ya sani. Shi kaɗai ne bai sani ba, har ya fara amsawa da "na'am".

Na je ganin injin na farko don Auta ta matsa. Wilin keke ne a kwance a kan sandar ƙarfe, sandar ta shiga wani akwatin katako. Ya manna maganaɗisu goma sha shida a bakin wilin da gam, wasu takwas a kan ƙananan katakai kewaye da shi. A gefe ga ɗan naɗin waya an haɗa da ƙwan tocila. Ya ce in matsa baya, kada abin ya fizge ni. Na matsa. Ya tura wilin da iyakar ƙarfinsa, ya danna agogon wayarsa.

Ya juya, ya juya, ya fara rangaji kamar mai jin barci, ya yi gaba kaɗan, ya dawo baya kaɗan, ya tsaya.

"Daƙiƙa arba'in da ɗaya," in ji shi, ya rubuta a littafi. "Jiya talatin da takwas ne."

"Yau ka fi ƙoshi," na ce.

Na roƙe shi abu ɗaya. Na ce ya cire katakan nan takwas da ke kewaye, ya sake turawa. Ya cire don ya kunyata ni. Wilin ya yi minti ɗaya da rabi. Wato ba tare da hikimarsa ba, wilin keken ya fi daɗewa. Na zaci magana ta ƙare. Ya tsura wa wilin ido, ya shafa haɓa, ya ce wannan ya nuna ƙarfin yana nan, kusurwa ce kawai bai samu ba.

Daga nan kullum da dalilinsa. Yau kusurwa, gobe danshin iska. Wata rana ya ce rodin da ke cikin dakalin benen ne ke shanye ƙarfin. Da na tambaye shi me ya hana manyan kamfanonin duniya ƙera abin, tunda wilin keke da gam ne kawai, sai ya rage murya ya ce in tambayi masu sayar da mai. Ya ce duk wanda ya gano sirrin, ɓacewa yake yi. Na ce ya kwantar da hankalinsa, shi babu mai ɓatar da shi.

A wata na bakwai ya gama inji na uku. Ya ɗauki hutun sati guda a ofis, ya sanar wa duk wanda ya sani cewa ranar Asabar da yamma za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Ranar Laraba da safe ya kawo mini akwatin katakon, ya ce boris ɗin ciki, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sandar ke juyawa a kai, shi kaɗai ya rage masa matsala, in sa masa mafi kyau. Ya ja mini kunne kada in bari kowa ya auna akwatin.

Bai yi awa guda da tafiya ba sai ga Auta. Ta zauna a kan bencin masu jira, ta ɗora jaka a cinya. Ni na goye ta tana ƙarama, na san irin wannan zaman nata.

"Yaya, ka ga yadda ya koma? Wandonsa ma sai da na rage masa."

"Na gani."

"Ranar Asabar mutum goma za su zo. Har da direbobin ofishinsu. In abin nan ya tsaya a gabansu, wallahi ban san me zai yi ba."

"Zai ce danshi ne."

"Yaya, don Allah." Ta kalli akwatin. "Ya rantse mini, in ya juya awa ɗaya a gaban shaidu, ya gama. Zai naɗe komai ya kai ɗakin ajiya, ya rubuta wa masu kamfanoni, ya jira su zo. Ni da kai mun san babu mai zuwa. Zai gaji da jira ya manta. Awa ɗaya kawai nake nema."

Na gane abin da take nufi tun kafin ta ƙarasa. Na ce mata wannan ba aikina ba ne, ni ba ɗan damfara ba ne. Ta ce ba sayar wa kowa za a yi ba, magani ne. Ta yi kuka kaɗan, irin na wanda ya gaji.

Zan so in ce tausayinta ne kaɗai ya sa na yarda. Ba haka ba ne. Ina so in tsaya a bayan falon nan in ga akawun da ya ce ban san komai ba yana yi wa batir jawabi.

Aikin bai ci mini rabin yini ba. Ina da injin wata ƙaramar fanka mai caji, marar ƙara ko kaɗan. Na kwantar da shi a gindin akwatin, na haɗa shi da sandar da siririyar roba, na jera batura shida na tsohuwar kwamfuta, na rufe su da falle guda na katako mai launin akwatin. A ƙarƙashi, kusa da ƙafa, na sa maɓalli ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa. Boris kuwa na sa masa mai kyau, kamar yadda ya nema. Na nuna wa Auta inda za ta danna. Na ce bayan awa ɗaya ta kashe, ya ce danshi ne, kowa ya tafi gida.

Ranar Asabar falon ya cika. Mai aski yana nan, da direbobi biyu, da mai kantin ƙasan benen, da wasu 'yan unguwa, da wani malamin makaranta maƙwabcinsu wanda ya zo da biro a aljihu da fuskar alƙali. Injiniya ya aro farar riga irin ta masu kemis, hannunta ya yi masa tsawo. Minti ashirin ya yi yana bayani. Ya ambaci talakawan duniya, ya ambaci asibitocin ƙauye, ya ambaci waɗanda suka yi masa dariya, ya ce ya yafe musu. A nan ya dube ni.

Ya tura wilin. Auta ta shigo da tire, ta sunkuya kamar za ta ajiye kofuna a gefen teburin, ta miƙe ta koma bakin ƙofa.

Minti ɗaya ya wuce. Biyu. Ya riƙe wayar yana kallon agogo, yana kallon wilin. A minti na uku ya daina magana. A na biyar ɗan ƙwan tocilar yana nan yana ƙyaftawa, wilin yana tafiyarsa a natse, ba sauri ba jinkiri. Wayar ta suɓuce masa ta faɗi a kan tabarma, bai ɗauka ba. Ya zauna a ƙasa, a cikin farar rigar aro, ya rufe fuska da hannayenta masu tsawo, kafaɗunsa suna girgiza.

Na yi tsammanin zan ji daɗi. Na ji, amma bai kai yadda na shirya ba.

Sauran kuwa sun biya ni. Malamin ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin, bai ga waya ba, ya miƙe ya gyara murya ya fara yi wa direbobi bayanin yadda abin yake aiki. Ya zana musu kibiyoyi a bayan ambulan. Ya ce a kimiyyance abin ba sabo ba ne. Mai aski ya ce shi dama tun farko ya ga alama a fuskar mutumin, shi ya sa ya sa masa sunan. Mai kanti ya tambaya ko za a iya yi masa babba wanda zai ɗauki firiza biyu. Mutum goma, kowa da ido biyu, babu wanda ya ce a ɗaga akwatin a ji nauyinsa.

Injiniya ya taso ya rungume ni. Yana warin gam da zufa. Ya ce, "Boris ɗinka ne, Yaya. Ba zan manta da kai ba. Sunanka zai shiga takarda."

Na ce ya bar sunana inda yake.

Awa ta cika, na yi wa Auta ido. Ta matso da tire, sai ya tare ta. Ya ce daga yau babu mai matsawa kusa da teburin nan, ko ita, kada a taɓa kusurwa. Ya jawo kujera ya zauna a gabansa. Na tafi gida wilin yana juyawa.

Ranar Lahadi Auta ta kira ni daga banɗaki tana raɗa. Ta ce bai tashi daga wurin ba, a nan ya ci abinci, in zai shiga wanka sai ya kulle falon ya tafi da mukulli. Na ce ta gaya masa gaskiya. Ta ce bari gobe in ya tafi ofis ta kashe. Na lissafa a raina, wili ne ba kaya, baturan nan za su kai kwana biyu ko uku. Na yi aikin da kyau fiye da yadda ya kamata.

Ranar Litinin ya tafi ofis da mukullin falon a aljihu. Kafin azahar ya dawo, ya gaya wa Auta cewa ya ajiye aiki.

Talata da hantsi ina naɗa wayar wani injin ruwa sai inuwa ta rufe mini haske. Shi ne, akwatin a hammatarsa. Bai yi sallama ba. Ya ajiye shi a kan teburina, ya cire fallen katakon, ya jingina shi da bango. Ga injin fankar, ga batura shida a jere, ga shuɗin salatif ɗin da duk wanda ya taɓa kawo mini gyara ya san nawa ne.

"Da safe ya fara rage gudu," in ji shi. Muryarsa a kwance. "Na zaci boris ne ya bushe. Na buɗe in sa masa mai."



"Ta gaya mini ita ta roƙe ka. Ba wannan na zo tambaya ba. Tun daga farko ne?"

"Tun daga farko."

"Babu nawa a ciki ko kaɗan?"

"Turawar taka ce," na ce. Na so in riƙe bakina, bai riƙu ba.

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon baturan.

"Na san kana kirana wawa, Yaya. A gaban idona ma kana yi, kana zaton ba na ganewa. To, wataƙila wawan ne. Amma wata bakwai ina tura wilin nan yana tsayawa, ina rubuta daidai inda ya tsaya. Daƙiƙa ɗaya ban taɓa ƙarawa ba. Kana zaton ban san inda ake sayar da batir ba?"

Na ce an yi ne don a taimake shi. Maganar ta fito ba ƙarfi, ni kaina ban saya ba.

Ya zazzage injin da baturan a kan teburina, ya ɗauki akwatinsa ya fita. Daga baya na ji cewa a ranar ya bi mutum goman nan ɗaya bayan ɗaya, har garejin direbobi, ya gaya wa kowa cewa abin da suka gani ƙarya ne, akwai batir a ciki, bai sani ba. Bai faɗi wanda ya sa ba. Malamin ya ce shi dama ya lura akwai abin da bai yi daidai ba, kawaici ne ya hana shi magana. Mai aski ya ce tun farko ya san za a rina.

Auta ta sake zuwa shagona, wannan karon ba ta zauna ba. Ta ce tunda da hannuna a ciki, in je in ga manajansu. Na wanke hannu da kananzir, na sa rigar kirki, na tafi. Sai da na yi awa biyu a kan benci kafin a shigar da ni. Manajan mutum ne mai ƙiba da tabarau a kan goshi. Na ce surukina ba shi da lafiya a kwanakin nan, a yi masa afuwa.  Ya jawo aljihun tebur, ya ciro wasiƙar, ya sauke tabarau ya karanta mini. Shafi biyu ce, an buga ta tsaf, babu kuskure ko ɗaya. A ciki Injiniya ya sanar da kamfanin cewa nan da shekara biyu babu motar da za ta ƙara shan mai. Ya shawarce su su fara shiri. A ƙarshe ya ce idan kamfanin ya rufe, manajan ya neme shi, zai duba ko akwai gurbin mai gadi.

"Har hatimi ya danna mata," in ji manajan. Ya ninke ta ya mayar. "Ka gaishe shi."

Wata huɗu ya yi a gida kafin ya samu aiki a wani shagon buga takardu da hoto, kusa da kotu. Auta ta koma ɗinki sosai, ta karɓi aikin rigunan wata makaranta. Ta fi sati uku ba ta kira ni ba, kamar ni na je wurinta na roƙe ta. Yanzu muna magana, amma ba a kan wannan ba. Shi kuwa in mun haɗu a gidan 'yan'uwa yana gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tashi ya koma wani gefe. Bai sake taka shagona ba.

Na ɗauka aƙalla ya warke. Ashe abin da ya koya daga duk wannan shi ne kada ya ƙara bari kowa ya taɓa masa akwati. Ya gaya wa Auta cewa inji na uku bai samu gwaji na gaskiya ba, tunda an ɓata shi kafin a gwada.

Satin da ya wuce wani abokin sana'a ya kira ni. A can ƙarshen gari shagonsa yake, mun yi koyo a hannun mutum ɗaya, ya girme ni a aikin da shekara uku. Bayan gaisuwa ya ce akwai wani mutum da ke zuwa wurinsa sayen boris, ya ji an ce surukina ne. Na ce shi ne, ya yi haƙuri da shi.

"A'a, ba damuwa," in ji shi. "Mutumin yana da kai. Ya nuna mini littafinsa. Ka san na yi ta tunani, in aka karkata maganaɗisun waje kaɗan, aka sa musu dalma a gefe ɗaya ta tare jan da suke yi baya..."

Na ce, "Dalma ba ta tare maganaɗisu. Kai ka san haka."

 Sai ya ce, "To aluminiyam fa?"

Na ce masa ina da baƙo, na kashe wayar. Babu kowa a shagon sai fankar wata mata da ke jirana tun jiya, na jawo ta na fara kwance murfin.